Shaƙuwa da Haƙƙin Mallaka: Abin da Gonakin Maraɗi da Damagaram ke Nunawa Game da Kiyaye Muhalli

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauko tambayar da ta daɗe tana ci wa masu aikin kare muhalli tuwo a ƙwarya: me ke sa mutum ya tsare itace ko fadama ko daji alhali babu malamin dajin da ke kallonsa? Ta fara da binciken masana halayyar ɗan'adam, wanda ya nuna cewa shaƙuwar zuci da halittu ta fi tarin ilimi tasiri a kan abin da mutum ke aikatawa. Daga nan ta gwada wannan sakamako da abin da ya faru a gonakin Maraɗi da Damagaram tun daga 1983, inda manoma suka mayar da itatuwa a miliyoyin hekta ba tare da dashe ba. Matsayar takardar ita ce, shaƙuwar manomin Sahel daga amfani da gado da aikin hannu take tsirowa, kuma ba ta zama aiki sai an sakar masa haƙƙin abin da ya rena.

1.0 Gabatarwa



Kowace damina ana ƙaddamar da gangamin dashen itatuwa a jihohin da ke bakin hamada. A haƙa rami, babban baƙo ya sa dashe, a zuba ruwa, a watse. Duk wanda ya koma irin wannan wuri cikin bazara ya san abin da akan tarar: ramuka, da baƙar ledar reno tana yawo a iska, da sawun awaki. Wannan asara tana damuna ƙwarai, domin kuɗin jama'a ne, kuma shekara ce ta tafi wadda hamada ba ta tsaya jiranmu a cikinta ba. Mun saba mu ɗora laifin a kan rashin wayar da kai. To amma manomin Daura ko Gumel ko Tasawa ba ya buƙatar lacca a kan amfanin inuwa, ko a kan yadda iskar farkon damina ke binne shukar gero a gonar da ba ta da kariya. Ya fi mu sani. Abin da dashen ya rasa shi ne mutum guda ɗaya da zai ji ciwo a ransa idan ya mutu.

2.0 Abin da masana suka auna

Tun a 2002 Anja Kollmuss da Julian Agyeman suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a baya, suka nuna akwai rata mai faɗi tsakanin sanin matsalar muhalli da tashi a yi wani abu a kanta. Kafin su, masanin halittu Edward O. Wilson ya kawo ra'ayi a littafinsa Biophilia na 1984 cewa an halicci ɗan'adam da karkata zuwa ga sauran masu rai. Ra'ayi ne mai jan hankali, sai dai ba a iya auna shi kai tsaye, don haka masana halayyar ɗan'adam suka shiga ƙera ma'auni. Wesley Schultz ya fito da mafi sauƙi: da'ira biyu, ɗaya tana wakiltar mutum, ɗaya halittun da ke kewaye da shi, an zana su hawa bakwai, daga rabe har zuwa haɗe. Mai amsawa zai nuna zanen da ya fi kama da yadda yake ji. A 2004 Stephan Mayer da Cynthia Frantz suka samar da ma'auni mai jimloli 14 da ke tambayar mutum ko yana jin shi ɗan gida ne a cikin halittu.

Sakamakon da aka riƙa samu bai cika saɓawa ba. A 2020 Julie Whitburn da abokan aikinta suka haɗa rukunin bayanai 37 da suka ƙunshi mutum 13,237, suka sami dangantaka mai ƙarfin 0.42, a ma'aunin da ƙarshensa 1 ne, tsakanin shaƙuwa da halittu da aikata abin da ke kare muhalli. A fagen nazarin halayya wannan adadi ba ƙarami ba ne. Binciken da Siegmar Otto da Pamela Pensini suka buga a 2017 a kan yara 255 'yan firamare a Jamus ya fi fito da abin fili: shaƙuwa ta bayyana kashi 69 cikin ɗari na bambancin ɗabi'ar yaran game da muhalli, ilimin muhalli kuwa kashi 2 kacal. Ita kuma Louise Chawla, da ta zanta da masu fafutukar muhalli 56 a jihar Kentucky ta Amurka da ƙasar Norwe, ta tarar abubuwa biyu ne suka fi yawa a bakinsu idan aka tambaye su mafarin himmarsu: wani wuri da suka yi wasa a cikinsa suna yara, da wani babba a gida da ya nuna musu darajarsa. Bayanin da ake bayarwa shi ne, mutum yana kare abin da ya ɗauka ɓangaren kansa ne, ba ya jiran a biya shi ko a tsoratar da shi.

3.0 Inda ma'aunin ya tsaya

Na yarda da jigon wannan sakamako, amma yana da iyaka. Mafi yawan waɗanda suka amsa tambayoyin mutanen Arewacin Amurka ne da Turai da Ostareliya, da dama kuma ɗaliban jami'a. Abin da aka auna galibi shi ne abin da mutum ya faɗa da bakinsa yana yi, irin su ware shara da kashe fitila. Bitar da Caroline Mackay da Michael Schmitt suka yi a 2019 ta nuna cewa idan aka koma gwaji na zahiri, aka yi ƙoƙarin ƙara wa mutum shaƙuwa don a ga ko ɗabi'arsa za ta sauya, tasirin yana nan amma ya fi rauni.

Babban abin lura kuma shi ne hoton da ke bayan tambayoyin: daji wuri ne da mutum ke zuwa ya huta, ya sha iska, ya koma gida. Matar da ke shanya ganyen kuka don miyar rani, ko makiyayin da ya san kowace aduwa da magarya a kan burtalinsa, ba ziyara suke kai wa halittu ba. A ciki suke kwana, a ciki suke tashi. Sunayen garuruwanmu da unguwanninmu ma shaida ne, daga Kukawa zuwa Rimin Gado, daga Ɗorayi zuwa Magarya. Idan ana son a ga yadda irin wannan shaƙuwa ke aiki, sai a je gona.

4.0 Maraɗi: dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

A farkon shekarun 1980 gonakin jihar Maraɗi sun yi tsirara. Dalilan sun taru ne a hankali. Noman gyaɗa ya faɗaɗa tun zamanin mulkin Faransa, malaman gona suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas don garma ta wuce. Farin 1973 ya kashe itatuwa da dabbobi, ya tura mutane sayar da itacen girki don su ci abinci. A kan duk wannan ga doka. Dokar gandun daji ta 1935 da Faransa ta shimfiɗa a Afirka ta Yamma, da wadda Nijar ta yi a 1974 bisa tafarkinta, sun sa muhimman itatuwa, har da gawo, a hannun hukuma. Manomi na iya shan tara saboda ya sare reshen itacen da ke tsakiyar gonar ubansa. Niyyar dokar kariya ce, amma abin da ta haifar daban. Itace ya zama abin jawo wa mai gona fitina, don haka mai dabara sai ya cire tsiron tun yana ƙarami, kafin malamin daji ya gan shi.

Ayyukan raya karkara sun yi ta kafa gandun reno, suna rarraba dashen dogon yaro da turare, mafi yawa suna mutuwa. Cikin masu wannan aiki akwai Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM. A 1983, kamar yadda shi da kansa ya sha bayyanawa, ya tsaya rage iskar tayar motarsa don ta iya ratsa rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyen sai ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai. Irin waɗannan kututture suna nan birjik a gonaki, kowace shekara suna tohowa, kowace shekara ana sassabe su a ƙona. Daga nan ya fara jan hankalin manoma su rena su maimakon sassabewa.

Ya kamata mu dubi aikin da kansa, domin a nan hujjata take. Manomi ya zo kan kututturen kalgo ko sabara da ya fitar da tsirrai sama da goma, duk suna rige-rigen ruwa ɗaya. Ya duƙa, ya duba, ya zaɓi uku zuwa biyar da suka fi miƙewa da kauri, ya datse sauran. Waɗanda ya bari sai ya rage musu rassan gefe har zuwa rabin tsayinsu, da wuƙa ko adda mai kaifi, yana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye ya bar rauni. Wani yakan ɗaura tsumma a jiki, alamar cewa wannan yana da mai shi. Bayan 'yan watanni ya dawo ya sake gyarawa, abin da ya datse ya zama itacen girki ko abincin awaki. Ba a ban ruwa, domin saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa tun zamanin kakanni. Wannan shi ne abin da manoman yankin ke kira sassaben zamani. Duk matakan da ke ciki, wato zaɓe da taɓawa da komowa, su ne ainihin abubuwan da ke ƙulla shaƙuwa. Mutum yakan san itacen da ya rena haka kamar yadda mace ke sanin akuyar da ta tasa tun tana shan nono, ta san halinta, ta san ranar da ba ta da lafiya. Dashen da aka sauke daga bayan mota ba ya samun wannan gata.

Da farko mutane ba su karɓa ba. Wanda ya bar tsirrai a gonarsa ana ganinsa malalaci mai ƙazamar gona. Da yunwar 1984 ta zo, aikin SIM ya haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa, aka rena kimanin 500,000 a ƙauyuka kusan 100. Da rabon ya ƙare, manoma suka sare wajen kashi biyu cikin uku. Wannan adadi ya cancanci duk mai tsara manufa ya riƙe shi: abin da lada ta tsayar, yankewar lada ta kayar da shi. Sai dai kashi ɗayan da ya rage shi ya sauya tarihi. Masu shi sun ga iska ta daina binne shuka, sun ga ganyen da ya zuba ya zama taki, matansu sun huta da doguwar tafiyar neman itace. Maƙwabta suka gani, kuma gani ya kori ji. Daga nan abin ya bazu daga baki zuwa baki, daga kasuwa zuwa kasuwa.

A daidai wannan lokaci riƙon hukuma ya sassauta. Jami'an gandun daji na Maraɗi sun ɗaga ƙafa wajen cin tara, sannan matsin tattalin arziki da sauye-sauyen siyasa na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990 suka rage yawan sintiri a karkara. Manoma suka fara ɗaukar itacen gona a matsayin nasu tun kafin takarda ta ce haka. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka matsa kusa da wannan fahimta, har a watan Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da ƙudurin da ya amince wa manomi da mallakar itacen da ya rena. Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale, bisa hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam da kuma ziyarar gonaki, sun ƙiyasta a 2009 cewa an farfaɗo da hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara. Ƙiyasi ne, ana iya muhawara a kan adadin hatsin, amma itatuwan suna tsaye, kowa na iya zuwa ya ƙirga.

5.0 Gawon Damagaram da gonakin Kano

Kada a ɗauka labarin na mutum ɗaya ne. A gundumomin Magarya da Matamaye da Mirya, binciken Mahamane Larwanou da abokan aikinsa na 2006 ya tarar da kusan hekta miliyan 1 cike da matasan gawo, mafi yawa manoma ne suka rena su da kansu, bisa al'adar da ta girmi kowane aikin raya karkara. Gawo itace ne da halinsa ya saɓa wa na sauran: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, sannan ya yi kore shar da rani, lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da taki ke bayarwa. Dabbobi su ci 'ya'yansa, su kwanta a gindinsa su bar kashi, ƙwayar irin kuma ta fita ta cikinsu a shirye take ta tsira. Manomi da makiyayi da itace duk suna cikin zagaye ɗaya. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Abin da ya rage daga wancan zamani shi ne girmamawar da ɗa ke gada wurin uba, kuma da doka ta daina shiga tsakani, ita ce ta farka. Abin lura, waɗannan gundumomi suna cikin mafi cunkoson jama'a a karkarar Nijar, wanda ya rushe zaton cewa yawan mutane dole ya zama ƙarancin itatuwa.

Irin wannan aka gani a gonakin da ke kewaye da Kano. Binciken Michael Mortimore da Reginald Cline-Cole da abokansu, wanda aka buga a 1990, ya nuna manoman yankin sun riƙe yawan itatuwan gonakinsu duk da fari da buƙatar birni, alhali kaso mai yawa na itacen girkin Kano daga dazuzzuka masu nisa ake lodo shi. Ɗorawar da ke da mai ita ta tsira. Dajin da kowa ke ɗiba, babu mai jin nasa ne, shi ya sha gatari.

6.0 Ƙorafe-ƙorafen da suka cancanci amsa

Wani zai ce wannan duk lissafin riba ne, babu ruwan zuciya a ciki. Riba tana ciki, babu musu. Amma gawo yana ɗaukar shekaru kafin amfaninsa ya bayyana sosai, kuma dattijon da ke kewaye tsiron gawo da ƙaya ya san ba lalle ya ga girmansa ba. Yana yi ne don gonar da zai bar wa 'ya'yansa, kuma yana yi ne da sanin koyarwar addini cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar mutum sadaka ce gare shi. A rayuwar manomi amfani da ƙauna da neman lada a cuɗe suke. Mai bincike ne ke raba su a kan takarda.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Mai ƙona gawayi ya san daji fiye da kowa a cikinmu, ya san marke daga kirya tun daga nesa, amma yana kayar da su. Kusanci kaɗai ba ya wadatarwa. Wanda yunwa ta kora daji, ko wanda ya tabbata idan ya bar itace yau wani zai sare gobe, shaƙuwarsa ba ta da inda za ta tsaya. Shi ya sa ƙauyen Ɗan Saga a gundumar Agye ya zama abin nazari: da satar itace ta yi yawa, mutanen suka kafa kwamitocin tsaro da suka haɗa da mata da Fulani makiyaya, suka yi dokokinsu da tararsu. Wannan ya yi daidai da abin da Elinor Ostrom ta nuna a 1990, cewa al'umma na iya tsare dukiyar tarayya idan ita ta tsara ƙa'ida kuma ita ke sa ido. Haka nan akwai waɗanda shaƙuwarsu ta fi ta kowa amma haƙƙinsu ya fi na kowa rauni. Mata ne ke tsinkar kuka da ɗorawa da kaɗe, amma ba kasafai gonar ke zama tasu ba. Mai noman gonar aro ko jingina kuma sau da yawa ba a barinsa ya rena itace, don kada gobe ya zama hujjar neman ƙasa.

A gefe guda, a da tsoro ma ya yi nasa aikin. Tsamiya da kuka da yawa sun daɗe ne saboda an ce gidan aljanu ne. Wannan katanga tana zaizayewa, kuma ba na kiran a dawo da ita. Ina nuni ne da cewa gurbin da ta bari yana buƙatar abin cikewa.

7.0 Abin da wannan ke nufi ga aiki da bincike

Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya fara ne da tunanin dasa layin itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, daga baya ya karkata zuwa farfaɗo da ƙasa ta hanyoyi daban-daban, kuma darasin Nijar na cikin abin da ya jawo wannan sauyi. Nijeriya ta kafa hukumarta ta wannan shiri a 2015. Shawarata ga irin waɗannan hukumomi ita ce su sauya abin da suke ƙirgawa. Adadin dashen da aka rarraba ba ya gaya mana komai. A ƙirga itacen da ya kai shekara uku a raye, a rubuta sunan mai shi, namiji ne ko mace, a kuma ba shi tabbacin doka cewa zai iya gyara shi, ya sayar da reshensa, ya bar wa magadansa. Malamin daji ya zama mai koyarwa da raba gardama kafin ya zama mai cin tara.

Batun yara ya fi gaggawa, ganin abin da Chawla ta gano. Yaron da ya tashi a tsakiyar Kano ko Maraɗi a yau yana iya gama sakandare bai taɓa bambance kalgo da sabara ba. Darasin sauyin yanayi a allo ba zai cike wannan ba. Makarantar da ke da fili, ko ta boko ko ta allo, tana iya damƙa wa kowane aji kututture ko tsiro na gida ya rena har ya fita, a kuma gayyato tsofaffin unguwa, maza da mata, su nuna wane ganye ake ci, wane saƙe-saƙi ake jiƙawa.

Ga mu masu bincike, muna buƙatar ma'aunin da aka gina daga gona: itatuwa nawa mutum zai iya ambata da amfaninsu, wa ya koya masa, wane itace ne ba zai sare ba ko da an taya, kuma me ya sa. Sannan a haɗa amsar da abin da ido ya gani. A ƙauye ɗaya, a ƙasa iri ɗaya, a ware gonakin gado da na saye da na aro da na jingina da gayaunar mata, a ƙirga itatuwan da ba su wuce shekara biyar ba a kowace hekta, a gwada da amsoshin masu noma su. Ta haka za a iya raba rabon shaƙuwa da rabon mallaka a cikin abin da ke tsaye a gona, kuma aiki ne da ɗaliban digiri na biyu za su iya kammalawa cikin rani ɗaya, tsakanin girbi da sassabe.